Da Haƙora ko Babu? Nazari a Kan Walter Brennan da Matsayin Ƙaramin Tauraro a Labari

Duk wanda ya riski zamanin shiga silima a biranenmu, lokacin da fina-finan kaboyi suke tashe, ya san mutum biyu ne kawai 'yan kallo suke kulawa da su, wato akta da bos. Akta ake yi wa tafi, bos ake yi wa ihu, idan an tashi kuma labarinsu ake yi har a isa gida. To amma akwai wani na uku da ba a cika tambayar sunansa ba. Shi ne tsohon nan mai furfura da ɗingishi, baki ba haƙori, wanda yake zaune gefen wuta yana dafa gahawa yana mita, akta na faɗa yana mayar masa. Cikin waɗanda suka riƙa fitowa a wannan matsayi a fina-finan Amurka, babu wanda ya kai Walter Brennan suna da daɗewa, kuma shi ne abin nazarinmu a wannan fitowa.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa marubuci da ɗan wasan da ya rasu tun 1974 a wata uwa duniya? Amsa ita ce, babbar matsalar da ake yawan samu a rubutun sabon marubuci ita ce ta ƙananan taurari. Za ka ga ya ƙare basirarsa wajen gina babban tauraro da tauraruwa, sauran jama'ar littafin kuwa sai su zama kamar kujeru a ɗaki, ana jawo su idan ana bukata, a ture su idan an gama. Aboki ba shi da aiki sai kai saƙo, kaka ba ta da aiki sai ban dariya, direba ba shi da aiki sai buɗe ƙofar mota. Rayuwar Brennan ta shekara kusan 50 a gaban kyamara makaranta ce a kan wannan matsala, domin a cikinta za mu ga inda ƙaramin tauraro ya zama ginshiƙin labari, mu kuma ga inda ya koma abin ado kawai.

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Walter Brennan ranar 25 ga Yuli, 1894 a garin Lynn na jihar Masacusets, a gabashin Amurka. Iyayensa 'yan asalin Ailan ne. Abin lura a nan shi ne, mutumin da duniya ta sani da harshen ƙauyawan kudu da yammacin Amurka, ɗan birnin gabas ne wanda ya yi makarantar koyon fasaha ya kuma taɓa aikin akawu a banki. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, sai ya shiga soja, aka tura shi Faransa cikin rundunar igwa. Bayan ya dawo ya auri Ruth Wells a 1920, suka zauna tare har mutuwa ta raba.

Neman arziki ne ya kai shi Kalifoniya, inda ya shiga dillancin filaye ya sami kuɗi, kasuwar ta faɗi a 1925 ta tafi da abin da ya tara. Da talauci ya yi masa sallama, sai ya nufi kamfanin fim na Universal ya shiga sahun 'yan cikon benci, wato mutanen nan da ake ɗauka don su cika kasuwa ko mashaya ko fagen yaƙi, ba su da magana ba su da suna. Ladansa dala bakwai da rabi a yini. Ya shafe kusan shekara goma a wannan hali, yau ya fito a mai gadi, gobe a direba, jibi a ɗan kallo, wani lokaci ma ya karɓi faɗuwa daga doki a madadin wani. A nan ya haɗu da wani dogon saurayi mai suna Gary Cooper, wanda shi ma a cikon benci ya fara, suka ƙulla abotar da ta kai su ga yin fina-finai da dama tare.

A 1932 ya gamu da haɗari a wurin aiki, ya rasa yawancin haƙoransa, aka yi masa na roba. Wani zai ce sana'arsa ta ƙare ke nan, tun da fim kasuwar fuska ce. Shi kuwa sai ya mayar da hasarar ta zama jari. Idan ya sa haƙoran, ga magidanci ɗan shekara 40. Idan ya cire su, kumatu su lotsa, murya ta canza, ga tsoho tukuf. Darakta Howard Hawks ya sha ba da labarin ranar da aka kawo masa Brennan don ya gwada shi a fim ɗin Barbary Coast na 1935. Da aka miƙa masa takarda ya karanta, sai ya tambayi Hawks yadda yake so, da su ko babu su. Hawks ya ce da me? Ya ce haƙora. Ya juya ya zare su, ya karanta. Ɗan ƙaramin matsayin da aka ɗauke shi domin sa sai da aka yi ta faɗaɗa shi saboda yadda ya riƙe shi. A wannan shekara kuma ya sami kwantiragi da babban furodusa Samuel Goldwyn, zaman cikon benci ya ƙare.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Da aka ƙirƙiro kyautar Oska ta ɗan wasa mai tallafawa, shi ne namiji na farko da ya ci ta, da fim ɗin Come and Get It na 1936, inda ya fito a ɗan ƙasar Suwidin mai aikin katako. Ya sake ci da Kentucky na 1938, inda yana da shekara 44 ya fito a tsoho masanin dawaki. Ya ci ta uku da The Westerner na 1940. Uku cikin shekara biyar ke nan. An sake sa sunansa a takara saboda Sergeant York na 1941, amma Donald Crisp ya kayar da shi. Sai a 1998 aka sami wani namijin, Jack Nicholson, da ya tara Oska uku ta wasa, kuma har yau babu wanda ya sake cin ta mai tallafawa sau uku. Masu tarihin fim suna danganta wani ɓangare na wannan nasara da cewa a ƙarshen shekarun 1930 'yan cikon benci suna da ƙuri'a a zaɓen, su kuwa nasu suke gani idan sun ga Brennan. Ko da haka ne, aikin yana nan ga mai son ya duba, kuma shi za mu duba yanzu.

Alƙalin da Ya Ƙwace Fim

Mu fara da The Westerner, wanda William Wyler ya ba da umarni. Gary Cooper ne akta, ya fito a Cole Harden, matafiyi da aka kama bisa zargin satar doki a wani ƙauye na Teksas. Brennan ya fito a Roy Bean, mai mashaya da ya naɗa kansa alƙali, kotunsa ita ce mashayar, hukuncinsa kuma bai wuce rataya ba. Bean yana goyon bayan masu shanu a rikicinsu da manoma, har ta kai an ƙone amfanin gona an yi kisa da saninsa. A taƙaice azzalumi ne. Da marubutan fim ɗin sun tsaya a nan, da bos ne kamar kowane bos.

Amma sun ba shi abu guda wanda ya canza komai. Wannan azzalumin tsoho ya mutu a kan son wata 'yar wasa ta Ingila mai suna Lily Langtry, wadda bai taɓa gani ba sai a hoto. Ya cika bangon mashayarsa da hotunanta, ya kuma sa wa garin sunanta. Da Cole ya lura da haka, sai ya yi ƙaryar cewa ya san ta, har ma yana da silin gashinta a ajiye. Nan take alƙali ya ɗage rataya, domin ba zai kashe mutumin da zai kawo masa gashin Lily ba. Dubi fuskar Brennan a wannan wuri: idon da yake muzurai ɗazu ya koma na yaron da aka yi wa alkawarin alewa, yana son ya yi tambaya yana jin nauyi. A ƙarshe, da Lily ta zo wasa garin Fort Davis, Bean ya saye tikitin gidan wasan gaba ɗaya don ya kalle ta shi kaɗai. Da aka ɗaga labule sai ya ga Cole tsaye da takardar kamu. Suka yi musayar wuta, Bean ya faɗi, Cole ya ɗauke shi ya kai shi gaban Lily, ya kalle ta sau ɗaya ya cika.

An ce Cooper da kansa ya yi jinkirin karɓar fim ɗin domin ya ga na alƙalin ya fi nasa tsoka, kuma bai yi kuskure ba. Darasin farko ke nan ga marubuci: ƙaramin tauraro yana rayuwa ne idan yana da nasa muradin, wanda bai rataya a wuyan babban tauraro ba. Bean yana son Lily tun kafin Cole ya iso garin, kuma wannan so shi ne ya ceci Cole, shi ne kuma ya kai Bean ga ajalinsa. Da za a cire shi, labarin ya rushe. A tarihi, Roy Bean na gaskiya ya mutu a kan gadonsa a 1903 bai taɓa ganin Lily ba, ita kuma ta ziyarci garin bayan mutuwarsa. Marubutan sun karkatar da tarihi don muradin tauraronsu ya kai inda ya dosa.

Mashayi, Kuku da Gurgu

Fim shida Brennan ya yi da Howard Hawks, kuma a uku na ƙarshe ne aka ga wani aiki na daban da ƙaramin tauraro yake yi, wato bayyana abin da babban tauraro yake ɓoyewa. Jaruman Hawks mutane ne masu taurin kai, ba sa faɗin abin da ke ransu, ba sa neman taimako. Irin wannan tauraro yana da wuyar sha'ani ga marubuci, domin idan bai yi magana ba ta yaya za a san zuciyarsa? Maganin da Hawks da marubutansa suka samo shi ne su ajiye masa wani rarrauna a gefe.

A To Have and Have Not na 1944, wanda aka ɗauko daga littafin Ernest Hemingway, Jules Furthman da William Faulkner suka rubuta, Humphrey Bogart ya fito a Harry Morgan, mai jirgin kamun kifi a tsibirin Matinik lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Harry ya ce shi ba ruwansa da yaƙin kowa, kuɗi yake nema. Amma yana tafe da Eddie, tsohon matuƙi da giya ta gama da shi, hannu na rawa, tafiya na tangaɗi, ba ya tsinana komai sai roƙon na shan kwalba. Me ya sa mutumin da ya ce bai damu da kowa ba yake ɗawainiya da wannan kaya? Fim ɗin bai tsaya dogon bayani ba, ya bar mai kallo ya gane da kansa. Eddie yana da wata tambaya ta shirme da yake yi wa duk wanda ya haɗu da shi, a kan ko mataccen ƙudan zuma ya taɓa harbinsa. Masu girman kai sukan yi tsaki su wuce. Wadda ta tsaya ta biye masa ita ce Lauren Bacall, wato yarinyar da Harry zai so. Ashe tambayar mahaukaci ma'auni ce ta gane mutumin kirki. Daga ƙarshe kuma, abin da ya tunzura Harry ya ɗauki bindiga a kan 'yan sandan gwamnati shi ne sun tsare Eddie sun hana shi giya don ya tona asiri. Abin da wa'azin siyasa bai yi ba, tausayin mashayi ya yi shi.

A Red River na 1948, John Wayne ya fito a Thomas Dunson, mai shanun da ya tashi kora garke na dubbai daga Teksas zuwa kasuwa, wahalar hanya ta mayar da shi mugu, har ɗan da ya riƙa, wanda Montgomery Clift ya fito a matsayinsa, ya ƙwace garken ya karkata da shi Abilene. Brennan shi ne Groot, kukun ayari kuma tsohon abokin Dunson. An ba shi abin dariya: ya sa haƙoransa na roba a caca an cinye rabin hakkinsa a kansu, don haka sai lokacin cin abinci ake ba shi aro, ya gama ya mayar. Mai kallo yana ta dariya, bai ankara ba ashe ana gina masa amana ne da tsohon. Da Dunson ya fara harbin mutanensa, cikin ayarin nan kaf Groot ne yake iya duban idonsa ya ce masa bai yi daidai ba. Ranar da Groot ya bi ɗan ya bar uban, ranar ce mai kallo ya tabbata Dunson ya ɓata, domin wanda ya bi shi shekara da shekaru ya juya masa baya. A ɗaya daga cikin zubi biyu da fim ɗin yake da su, muryar Groot ce ma take ba da labarin baki ɗaya. Wato kuku ne aka ba amanar tarihi.

Sai Rio Bravo na 1959, wanda Furthman da Leigh Brackett suka rubuta. Wayne ne babban ɗan dokan gari, ya tsare ƙanen wani attajiri bisa laifin kisa, attajirin ya kewaye garin da 'yan bindiga. Mataimakansa su ne mashayi, wanda Dean Martin ya fito a matsayinsa, da wani yaro, da Stumpy, gurgun tsoho mai gadin kurkuku, wato Brennan. Stumpy ba ya rufe baki, kullum ƙorafinsa shi ne ba a gode masa, ba a gaya masa komai. Amma an ba shi dalili a jimla ɗaya tak: attajirin nan ya taɓa ƙwace masa gona. Saboda haka zamansa a bakin kurkuku da bindiga mai baki biyu ba biyayya ce kawai ga maigida ba, yana da tasa a ƙasa. Ranar karon ƙarshe an ce ya zauna a gida don ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Ya ƙi ji, ya biyo baya, ya harbe waɗanda suka zagayo ta baya, sannan shi ya riƙa jefa nakiya ana harbinta a sama har abokan gaba suka miƙa wuya. Jigon fim ɗin shi ne jarumin da yake ƙin taimako ba ya tsira sai da taimakon waɗanda ya raina, wato hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba a faɗi wannan da baki ba, Stumpy ne ya nuna shi da ɗingishinsa.

Darasi na biyu ke nan. Marubuci ba ya bukatar shafi uku yana gaya mana tauraronsa mai tausayi ne ko ya fara zalunci. Ya ajiye masa mutum a gefe, mu ga yadda yake yi da shi, mu kuma ji abin da mutumin yake iya gaya masa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya san da babu Malam Zurƙe ɗan Muhamman, da ba mu san iyakar wayon Alhaji Imam da ƙetarsa ba.

Tsoho Ba Dariya

Don kada a ɗauka ban dariya kawai ya iya, sai a dubi My Darling Clementine na 1946, fim ɗaya tilo da ya yi da John Ford, domin jininsu bai haɗu ba. A nan ya fito a tsoho Clanton, ɓarawon shanu mai 'ya'ya maza huɗu, abokin gabar Wyatt Earp, wanda Henry Fonda ya fito a matsayinsa. Babu mita, babu ɗingishi, babu wasa. Maganarsa kaɗan ce, idonsa a bushe. Akwai inda 'ya'yansa suka zare bindiga a mashaya Earp ya fi ƙarfinsu, tsohon ya ba Earp haƙuri cikin ladabi, yana fita sai ya juya ya hau 'ya'yan da bulala. Laifinsu a wurinsa shi ne sun zare bindiga ba su yi kisa ba. Cikin minti ɗaya an nuna mana irin gidan da aka yi renon waɗannan samari, ba tare da an koma baya an ba da tarihinsu ba. Daga baya ya harbi ɗan'uwan Earp ta baya a cikin gidansa, a gaban gawar nasa ɗan. Clanton na tarihi ya mutu a Agustan 1881, wata biyu kafin artabun da fim ɗin ya ƙare da shi, amma marubutan sun raya shi domin sun san labarin yana bukatar uba a ɗaya ɓangaren, tun da rikicin na gida biyu ne.

Haka kuma a Bad Day at Black Rock na 1955, tare da Spencer Tracy, ya fito a likitan dabbobi na wani ɗan ƙauye da ya haɗa baki ya ɓoye kisan wani manomi ɗan asalin Japan. Likitan ya san gaskiya, tsoro ya hana shi magana shekara huɗu, yana rufe kunyarsa da baƙar magana. Wannan ma wani nau'in ƙaramin tauraro ne da ya kamata mu riƙa tunawa da shi: mutumin da ba mugu ba, ba kuma jarumi ba, wanda shirunsa ne yake ba mugu damar yin abin da yake yi.

Inda Gizo Ke Saƙa

Tarke ba ya cika sai an faɗi naƙasu. Daga 1957 zuwa 1963 Brennan ya koma talabijin, ya fito a kaka Amos a wasan The Real McCoys, wanda ya shiga gidajen Amurkawa kowane mako har kashi fiye da 200. Ya sami kuɗi da sunan da fim bai ba shi ba. A 1962 ma ya yi faifai mai suna Old Rivers, yana magana a kan kiɗa, ya shiga sahun biyar na farko a kasuwar faifan Amurka. To amma a wannan lokaci ne tsohon ya daskare ya zama tambari. Ɗingishin da ba na gaske ba ne ya zauna daram har mutane suka ɗauka gurgu ne, muryar nan mai kaifi da dariyar nan suka zama abin da masu kwaikwayo suke yi a dandali. Yawancin abin da ya yi a shekarunsa na ƙarshe maimaici ne na Stumpy, amma Stumpy da ba a ƙwace wa gona ba. Siffofin suna nan, dalilin ya tafi. Inda ya ɗan farfaɗo shi ne Support Your Local Sheriff na 1969, inda ya yi wa nasa tsoho Clanton shaƙiyanci da gangan.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ɗan wasa ba ya wuce abin da aka rubuta masa, kuma da masu rubutu suka gane jama'a na son tsoho mai mita, sai suka daina wahalar nema masa zuciya. Wannan shi ne darasi na uku, kuma ya fi sauran ɗaci. Siffa ta waje, irin su ɗingishi ko in'ina ko wata kalma da tauraro yake yawan maimaitawa, ƙugiya ce kawai ta rataya hali. Idan babu abin da aka rataya, ƙugiya ce a bango. Marubucin da ya ga kakar da ya ƙirƙira ta ba mutane dariya a littafi na ɗaya, ya sake kawo ta a na biyu da na uku ba tare da ya ba ta wani abin so ko abin tsoro ba, ya bi hanyar da marubutan talabijin suka bi da Brennan.

Akwai kuma batun mutumin kansa. A fim shi ne talaka abokin kowa. A waje attajiri ne mai gandun kiwo na eka dubbai a jihar Oregon, kuma ɗan ra'ayin riƙau na gani-kashe-ni. Carl Rollyson, wanda ya wallafa tarihin rayuwarsa a 2015, ya nuna yadda yake jifan waɗanda suka saɓa masa da kwaminisanci, da kuma yadda ya tsaya a ɓangaren masu adawa da gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fatar Amurka a shekarun 1960. Wannan abu ne da ba zai yi wa mai karatu ɗan Afirka daɗi ba, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Bai rage ƙwarewar da ke cikin Red River ba, amma yana tuna mana cewa fuskar da muke so a majigi aikin hannu ce, marubuci da darakta da ɗan wasa suka haɗu suka ƙera ta. Wanda ya iya nuna tausayi a gaban kyamara ba lallai ne ya kai shi gida ba.

Kammalawa

Walter Brennan ya rasu ranar 21 ga Satumba, 1974 a garin Oxnard na Kalifoniya, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 80, bayan ya fito a fim da wasan talabijin fiye da 230. A fina-finan da ake tunawa da shi saboda su, sunan wani ne a saman allo, nasa na biye.

Shawarata ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, ita ce kowa ya ɗauko rubutun da yake kai yanzu, ya jera sunayen ƙananan taurarinsa a takarda, ya yi wa kowannensu tambaya uku. Me yake so wanda ba shi da alaƙa da babban tauraro? Me yake iya gaya wa babban tauraro wanda wani ba zai iya ba? Idan aka cire shi, wane wuri ne a labarin zai rushe? Wanda ya amsa ko da ɗaya daga ciki, a bar shi, a ƙara masa fili. Wanda bai amsa ko ɗaya ba, ɗan cikon benci ne, sai dai a sallame shi ko a koma a nema masa dalilin zama. Wanda kuma ya sami dama ya nemi The Westerner da Rio Bravo ya kalla, amma a wannan karo ya ɗauke idonsa daga kan akta, ya sa shi a kan tsohon da ke gefe, ya ƙirga sau nawa labarin ya juya a hannunsa.